Abin da ke shanye batirin mota alhali tana ajiye

Mota kan kwana lafiya, gari ya waye batiri ya mutu. Sau da yawa mai ita kan garzaya ya sayi sabo, alhali wani abu ne ke zuƙar wutar a ɓoye.

Don gano shi, mai gyaran wayarin mota kan kashe inji, ya cire wayar nagatif, ya haɗa mita tsakaninta da kan batirin, sannan ya jira kamar minti 30 har kwamfutocin motar su lafa. Idan zuƙar ta haura miliamfiya 50, sai ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake: galibi fitilar but, rediyo, ko na'urar bin sawun mota da aka haɗa ba daidai ba.

Muddin ba a kama shi ba, sabon batirin ma haka zai ƙare.