Muryar Malami Tun Kafin Ya Karɓi Albashin Farko

A mako na biyu ko na uku na gwajin koyarwa ake fara jin koken. Ɗalibin kwalejin ilimi da ya tafi makarantar da aka tura shi da murya garau, sai ka kira shi a waya da yamma ka ji kamar wani ne ya ɗauka. Murya ta dishe, maƙoshi na ƙaiƙayi, kowace jimla sai ya yi gyaran murya. Idan ya kai ƙara wurin tsofaffin malamai, amsar ɗaya ce: "Haƙuri za ka yi, za ta saba." Wasu muryoyin kan saba ɗin. Wasu kuwa daga nan suke kama hanyar lalacewa.

A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu ƙanana. Iskar da ke fitowa daga huhu ce ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa, sautin ya fito. A maganar yau da kullum, na namiji kan haɗu kimanin sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda, na mace kuwa wajen sau 200. Malamar da ta yi darasi huɗu a jere, tantaninta sun bugi juna sau dubban ɗaruruwa kafin azahar. Idan da tsawa take magana, kowane bugu ya fi ƙarfi. Da farko kumburi ne, kwana ɗaya na hutu ya saɓe. In aka ci gaba, wurin kan yi tauri kamar kantar da fartanya ke fitarwa a tafin manomi, tantanin su kasa rufewa daidai, iska ta riƙa zurarewa. Daga nan mutum ya ƙara matsa wuya don a ji shi, matsin kuma ya ƙara ɓarna.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na malamai sun taɓa fama da matsalar murya, alhali a cikin waɗanda ba malamai ba kashi 29 ne. A ƙasar Finland kuma, a shekarar 2000, an duba ɗaliban koyon malanta 226, aka samu kusan ɗaya cikin biyar yana da matsalar tun bai fara aiki ba. Can fa ke nan, inda aji bai cika ba.

A nan gida, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a cikin birnin Kano ko Kaduna ya san inda wannan adadi ya tsaya. Ga taga babu murfi, ga ajin maƙwabta na rera karatu, ga rufin kwano in ruwa ya sauko. Ɗan Adam kuwa da ya ji hayaniya yake ɗaga murya ba tare da ya sani ba. Sai a haɗa da ƙurar alli, da hazon hunturu mai busar da maƙoshi.

Amma a ganina babban abin da ke cin muryar sabon malami tsoro ne. Yana tsaye gaban yara masu yawa, yana fargabar kada sufabaiza ya shigo ya tarar aji ya kaure, don haka komai da ihu: "Ku yi shiru!" sau goma a darasi ɗaya. Ka lura da gogaggiyar malama. Takan tsaya cak ta zuba musu ido, ko ta tafa sau biyu, ko ta taka har bencin mai surutu ta yi masa magana a hankali. Ba ta bayani tana fuskantar allo. Tana jefa tambaya, yara su amsa, ita ta samu ta haɗiye miyau. Shekara uku ake yi ana karatun NCE, ana koyar da tsara darasi da rubutun allo, amma da wuya a zaunar da ɗalibi a nuna masa yadda zai jawo numfashi daga ciki ya tura magana har bencin baya ba tare da ya shaƙe wuya ba.

Sai batun magani. Zuma da lemon tsami, citta da kanumfari, ko Tom-Tom a aljihu, duk suna sanyaya maƙoshi, kuma ban hana kowa ba. Sai dai abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin murya. Da ya taɓa su da an ƙware. Haɗarin alewar ma shi ne ta ɓoye zafin, mutum ya koma ihunsa. Abin da ke amfanar tantanin shi ne ruwan da aka sha kaɗan-kaɗan tun safe, da tururin ruwan zafi zalla idan an yi sirace, da kuma shiru. Raɗa ba hutu ba ce, wahalar da tantanin take yi. Yawan gyaran murya shi ma gogar su yake da juna. Kurɓar ruwa ta fi. Mai ƙwannafi ya rage yaji, ya daina kwanciya da zarar ya tashi daga kan tuwon dare, domin ruwan ciki mai tsami kan hauro ya ƙona maƙogwaro. Sigari da shisha ba sai an faɗa ba.

Dishewar da ta zo tare da mura kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ta haura mako uku, ko ana jin zafi wurin haɗiya, ko an ga jini a kaki, ko numfashi na sarƙewa, to a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, musamman ga mai shan taba. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano suna da wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Da ƙaramar kyamara ake leƙa tantanin, kuma yawancin irin wannan kanta horon murya da hutu ke warkar da ita ba tare da an kai ga tiyata ba.