Takalmin Ruwa Da Likkafa: Haɗarin Da Mahaya Ba Su Cika Lura Da Shi Ba

Da zarar damina ta kankama, dogon takalmin nan na roba da ake kira takalmin ruwa yakan zama abokin tafiyar manomi, da magini, da ma'aikacin mayanka, da kuma yaron barga mai share turke. Ba mai musun amfaninsa. Yana da araha, ruwa ba ya ratsa shi, kuma wanke shi ba ya wuce a watsa masa ruwa. Amma akwai wuri guda da bai kamata a sa shi ba, watau cikin likkafa. Sau da yawa yaron da ya gama shara da safe shi ne zai ɗaura sirdi ya fita kilisa ba tare da ya sake takalmi ba, alhali kuwa a nan haɗarin yake.

Asalinsa Na Mahaya Ne

Abin mamaki shi ne, sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan takalmi da shi, watau Welinton, sunan wani shahararren mahayi ne. Shi ne Arthur Wellesley, mai sarautar Welinton, sarkin yaƙin Ingila wanda ya kara da Napoleon na Faransa a filin Watalu ran 18 ga watan Yuni, 1815. A zamaninsa hafsoshi suna sa wani dogon takalmi mai tuntu a gaba. Shi kuwa sai ya umurci badukunsa, wani mai suna Hoby da ke titin St James a birnin London, ya ɗinka masa wani na fatar maraƙi mai laushi, wanda zai kama ƙafa sosai, ba tuntu, ba ado, da 'yar dunduniya. Takalmin ya dace da hawa, ya kuma dace da zaman majalisa, saboda haka manyan Ingila suka ɗauke shi yayi, suka laƙaba masa sunan mai shi.

Roba daga baya ta shigo. A 1844 ne wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya sami takardar mallakar dabarar dafa ɗanyen roba da farar wuta domin ya yi ƙwari. A 1853 wani Ba'amurken, Hiram Hutchinson, ya kafa masana'anta a Montargis ta ƙasar Faransa, yana yi wa manoma takalman roba a madadin na katako da suka saba sawa. Bayan shekara uku, a 1856, Henry Lee Norris ya buɗe tasa a Edinbara ta ƙasar Sikotilan, wadda ita ce tushen kamfanin Hunter. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, wannan masana'anta ta yi wa sojan Biritaniya takalmi fiye da ƙafa miliyan ɗaya saboda ramukan yaƙi da suka cika da ruwa da taɓo. Tun daga nan sunan ya bar takalmin fata ya koma kan na roba. Suna dai na mahayi ne, amma ƙirar ta mai tafiya cikin laka ce, kuma bukatun mutanen nan biyu sun yi hannun riga.

Inda Haɗarin Yake

Faɗuwa daga kan doki ba baƙon abu ba ne, kusan duk wanda ya daɗe yana hawa ya taɓa shan ƙasa. In mahayi ya rabu da doki sarai, galibi yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa. Mugun abu shi ne ya faɗo ƙafarsa ɗaya tana sarƙe a likkafa. Doki dabba ne da gudu ne makaminsa na farko in ya tsorata, kuma idanunsa a gefen kai suke, yana ganin abin da ke kusa da cinyarsa. In ya ga wani abu yana jan ƙasa a gefensa, sai ya ɗauka abin biye da shi yake, ya ƙara wuta, yana harbi. Dokin hawa irin na Turai yakan kai nauyin kilo 500, kuma a sukuwa doki yakan wuce kilomita 40 cikin sa'a guda. Mutumin da ake ja haka, kansa da bayansa ne ke dukan ƙasa, kofato kuma na bisa fuskarsa.

Saboda haka abin da ake bukata ga takalmin hawa abu biyu ne. Kada ya bar ƙafa ta zarce cikin likkafa, kuma kada ya hana ta fita in an faɗo. Takalmin ruwa ya gaza a duka biyun.

Na farko, ƙasansa yana da haƙora masu zurfi, waɗanda aka yi musamman domin su ciji taɓo kada mutum ya zame. Waɗannan haƙora su ne ke cizon ƙarfen likkafa a lokacin da ake so ƙafa ta sulale. Na biyu, yana da faɗi da kauri, domin an yi shi ne a sa shi da safa mai nauyi, wanda kuma aka sa wa ƙarfe a kan yatsu ya fi kowanne faɗi. Likkafar da ta yi wa mutum daidai da takalmin fata sai ta matse shi da na roba, kuma roba in ta cusu tsakanin ƙarfe biyu ba ta fita da sauƙi. Na uku, da yawa daga cikinsu ba su da dunduniya mai kaifin baki wadda za ta tokari ƙarfe, sai wani tudu mai gangare, har ma laka takan cike ɗan gurbin da ke gabansa. In roba ta jiƙe ta yi santsi, ƙafa na iya zarcewa har idon sawu. Na huɗu, yana yi wa ƙafa yawa kuma ba ya riƙe idon sawu, saboda haka mahayi ba ya jin inda likkafa take a ƙarƙashin tafinsa, balle ya gyara kafin abu ya ɓaci.

Akwai masu cewa ai wannan yawan da yake yi wa ƙafa shi ne rufin asiri, domin in an faɗo sai ƙafa ta zare ta bar takalmi a likkafa. Hakika wani lokaci hakan na faruwa. Amma kowa ya san yadda ake cire takalmin ruwa, sai an miƙe ƙafa an ja ta daidai. Mutumin da ke rataye, idon sawunsa a murɗe, nauyin jikinsa yana jan takalmin a karkace, ba ya da wannan dama. Dogara ga wannan sa'a caca ce da rai.

Abin Da Masana Suka Tsayar

A ƙasar da takalmin ya samo suna, littafin dokokin hanya na Biritaniya ya keɓe sashe ga masu hawan doki a kan titi. Ƙa'ida ta 50 ta ce ya kamata mahayi ya sa takalmi mai ƙasa mai tauri, mai dunduniya. Wata doka ta 1990 kuma ta tilasta wa yaron da bai kai shekara 14 ba sa hular kwano in zai hau doki a kan hanya. Makarantun koyon hawa da yawa a can ba sa barin ɗalibi ya hau da takalmin ruwa mai haƙora. Abin da suke nema shi ne ƙasa mai sulɓi, da dunduniya kamar ta rabin inci zuwa inci ɗaya, da kuma sarari kamar faɗin yatsa a kowane gefe tsakanin takalmi da ƙarfen likkafa. In sararin ya gaza haka ƙafa za ta maƙale, in ya yi yawa kuma za ta zarce.

Ya kamata a lura cewa ba robar ce abin zargi ba, ƙira ce. Akwai dogon takalmin roba da aka yi musamman domin hawa, mai kama ƙwauri, mai ƙasa sumul da dunduniya sosai, kuma ya fi na fata araha nesa ba kusa ba. Kazalika akwai likkafar da aka yi wa gefen waje da zoben roba maimakon ƙarfe, wanda ke ɓallewa in ƙafa ta danne shi, an fi sa wa yara ita. Sirdin Turawa kuma yana da wani ɗan ƙarfe mai buɗaɗɗen baya inda ake rataya madaurin likkafa, domin madaurin ya zame in an ja shi baya. In aka rufe bakin wannan ƙarfe, ko aka bar shi ya yi tsatsa, amfaninsa ya tafi.

A Bargar Gida

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa ƙwarai, inda doki ke da daraja a hawan Sallah, da sukuwa, da angwanci, da filayen folo na Kaduna da Kano da Katsina. 'Yan folo da sirdin Turawa suke wasa, kuma da takalmin fata suke shiga fili, amma yaran da ke motsa musu dawaki da safe ba kullum suke da irinsa ba. Sirdin gargajiya kuwa, da kwacciyarsa ta gaba da ta baya, yana riƙe mahayi fiye da na Turawa, kuma likkafarsa mai faɗin tafi ba ta cika barin ƙafa ta zarce ba. Sai dai tana da bango hagu da dama, an kuma ƙera ta ne domin ƙafar da ke sanye da takalmin fata mara kauri irin na dukawan gida. In aka cusa mata takalmin ruwa sai ya cika ta fal. Ga shi kuma ɗaure take da sirdi, ba abin da zai ɓalle in an faɗo.

Maganin abin ba shi da tsada. Takalmin ruwa ya tsaya a turke da wurin wankan doki, inda yake da amfani, a rataye na hawa kusa da sirdi da linzami domin a sake kafin a taka likkafa. Kafin a hau, a gwada takalmi a cikin likkafar da za a yi amfani da ita, a ga yana shiga yana fita ba tare da an yi kokawa ba, a kuma kankare lakar da ke ƙasansa. A kan doki, tudun tafin ƙafa na bayan yatsu ne ya kamata ya zauna bisa ƙarfe, dunduniya tana ƙasa. Silifa da takalmin ƙwallo mara dunduniya su ma ba na hawa ba ne.

Nauyin wannan al'amari ya fi rataya a wuyan masu dawaki da shugabannin barga. Yaron da ke share turke ba don ganganci yake hawa da takalmin ruwa ba, galibi shi kaɗai gare shi. Mutumin da ya iya ciyar da doki dawa da harawa shekara guda, ya kuma saya masa kayan ado na Sallah, ba zai kasa saya wa mai kula da shi takalmi ƙafa ɗaya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwa ya sauka ya kamata kowane mai doki ya leƙa bargarsa, ya dubi likkafa, sa'an nan ya dubi abin da ke ƙafar yaron da zai taka ta.