Tauraron Da Ya Fashe Da Ɗalibin Ibadan Da Ya Gano Zuciyarsa

A daren hunturu, idan garin ya yi wasai, duk wanda ya ɗaga kai zai ga Kaza da 'ya'yanta a tsakiyar sama. Mazauna Agege da Sabon Ibadan ba safai suke ganinta sosai ba saboda hasken lantarki, amma wanda ya tashi a ƙauye ya san ta. To, gabas da ita akwai wani ɗan hayaƙi wanda ido ba ya gani sai da madubin hangen nesa. Turawa suna kiransa Ƙaguwa, domin wani Bature da ya zana shi a ƙarni na 19 ya ga kamar yana da ƙafafun ƙaguwa.

Wannan hayaƙi ragowar wani tauraro ne da ya fashe. A watan Yuli na shekarar 1054, masu duban taurari na fadar Sarkin Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya fito, har ana ganinsa da rana tsaka kwana 23. Da dare kuwa ya kusa shekara biyu kafin ya ɓace. Wani likita mutumin Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi. Nisansa ya wuce misali: hasken rana yakan iso duniya cikin minti 8, amma hasken Ƙaguwa sai ya yi shekara kamar 6,500 a hanya.

Abin da ya daɗe yana damun masana shi ne, bayan shekaru ɗari tara hayaƙin bai huce ba. Wuta ba ta ci sai da itace. Mene ne ke hura wannan?

A nan ne wani ɗan Nijeriya ya shigo labarin. Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Ibadan, sa'an nan ya wuce Kambirij a Ingila, inda ya zama ɗalibin Dakta Antony Hewish. Su ba da madubi suke aiki ba. Eriya suke shimfiɗawa a fili, suna kama igiyar rediyo da ke fitowa daga sama.

Dabararsu kowa ya san tushenta. Ƙananan taurari suna ƙifta ido, amma Zara matar wata ba ta cika yi ba, domin tana kusa, haskenta yana da faɗi. Haka igiyar rediyo take: idan daga ɗan mitsitsin wuri ta fito, takan yi rawa a hanya. Zuwa 1965 Okoye da malaminsa sun tabbatar cewa a cikin Ƙaguwa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai ƙarfin gaske. A shekarar ce kuma ya sami digirinsa na dakta.

Ba a san ko mene ne ba sai bayan da wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta gano a 1967 cewa akwai taurarin da ke aiko da igiya daki-daki kamar bugun zuciya. A 1968 masana a Amurka suka iske irin wannan a Ƙaguwa. Ashe shi ne abin da Okoye ya ji motsinsa, wato ƙwayar tauraron da ya fashe. Faɗinta kamar mil 12 ne, misalin daga Idumota zuwa Agege, amma ta fi rana nauyi, kuma tana juyawa sau 30 kowace daƙiƙa. Wannan juyi shi ne itacen da ke hura wutar.

Da aka ba Hewish kyautar Nobel a 1974, ya ambaci aikin da suka yi da Okoye a cikin jawabinsa. Shi kuwa Okoye ya dawo gida ya koyar, ya zama shehun malami a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Ya rasu a 2009.

Bincike bai tsaya ba. A 1989 wata tasha a jihar Arizona ta kama haske mai tsananin ƙarfi, wanda ake kira gama, daga Ƙaguwa. A 2021 kuma wata tasha a kan duwatsun Sicuwan, a ƙasar Sin ɗin da aka fara rubuta labarin, ta ba da sanarwar kama wanda ƙarfinsa ya ninka na hasken da ido ke gani fiye da sau miliyan sau miliyan.

Daga Sabo zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan tafiyar mota ɗaya ce. Yaran da ke taya iyayensu ɗaurin goro ko jiran tireda, lissafin da suke yi da ka kullum shi ne harsashin wannan ilmi. Okoye ma da ƙidaya ya fara. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su bar yaro ya ƙare makaranta kafin kasuwa ta ɗauke shi.