Karatun likita: tun daga wane aji ake fara zaɓen yaranmu?



Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, tambaya guda ce ke dawo mana: yarona ya ci bak, yana son karatun likita, don mi ba a ɗauke shi ba? Wasu su ce ai sai mai uwa a gindin murhu. Ba mu ce babu alfarma a duniya ba. Amma da yawa cikin yaranmu, ƙofar ta rufe musu shekara uku kafin bak, ba tare da kowa a gida ya lura ba.

A Nijar ana karatun likita a sashen kimiyyar lafiya na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wanda shi ne mafi daɗewa, sai na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da na jami'ar André Salifou ta Damagaram. Masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, ba a koyon likita a kan allo kaɗai. Sai ɗalibi ya tsaya bakin gadon marar lafiya, a asibiti irin na Lamorde, babban likita yana duba hannunsa. Gadaje da malamai suna da iyaka, dole a tace.

Abu na farko da ake dubawa shi ne irin bak ɗin. Bak C ko D ake so, wato na kimiyya. Mai bak A, ko da shi ya zo na ɗaya a lise ɗinsu, wannan hanya ba tasa ba ce. Na biyu, maki. Da 10 bisa 20 an ci bak, amma cin bak daban, samun gurbi daban. Akwai mai 12, akwai mai 14, akwai mai 16, duk dosiyensu na kan teburi ɗaya. Kuma ba jimilla kaɗai ake kallo ba, ana duba abin da yaro ya samu a ilimin halittu, fizik da shimi, da lissafi.

To, a nan ne maganar take. Wa ke shiga D, wa ke shiga A? Bayan birbe ake raba su, lokacin shiga ajin seconde, bisa makin da yaro ya tara a kwaleji. Yaron da lissafi ya kayar a troisième, A za a tura shi. A shekarun nan ne kuma muke cire shi sati biyu ya taya girbin hatsi, ko a kai shi Dutsi wajen mai masauki, ya kwana a zaure babu fitila, yarinya kuwa ta wuni a rijiya da turmi. Ba laifin kowa muke gani ba, mun san halin da ake ciki. Amma ku da ke waje kuna aiko kuɗi, mun sha ganin ana tara su sai bayan bak, a ce a je Yamai a nemi hanya. Da kashi ɗaya cikin kuɗin nan ya zo tun yaro na troisième, aka saya masa littafin lissafi da fitila mai aiki da rana, da ya fi amfani.

Sai takardu. Wannan na ba mu haushi, don abu ne da ake iya gyarawa. Yaro da yawa an haife su a gida, ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai daga baya aka yi ta kotu. A wata takarda Abdu, a wata Abdullahi, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Irin wannan na iya tsayar da dosiye. Shekaru ma ana dubawa, musamman wajen neman tallafin karatu na hukumar ANAB da guraben da ƙasashe irin Maroko da Aljeriya ke ba Nijar. Wanda ya shiga lakkol a makare, ya maimaita aji biyu, yana iya wuce iyaka.

Likitan dabbobi fa? Mu da dukiyarmu ke cikin garke, ya kamata mu fi kowa tambaya. Da yawa cikin likitocin dabbobin ƙasar nan a Dakar suka yi karatu, a makarantar EISMV da aka kafa a 1968, wadda ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar, suka yi tarayya a kanta. Can ma bak na kimiyya ake nema, gurabe kuma ƙalilan ne. Likitan haƙori shi ma Dakar na cikin wuraren da aka daɗe ana koyar da shi.

Ga masu yara a makarantun Najeriya, tsarin daban ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana da karatun likitan mutane da na dabbobi. Yaro zai rubuta jarrabawar JAMB mai maki 400, da Turanci, ilimin halittu, fizik da shimi, ga sakamakon WAEC ko NECO mai kyau, sannan jami'a ta sake tantancewa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen boko.

Wanda bai samu ba kuma bai faɗi ƙasa ba. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suna horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma su ne muke tararwa a likitar ƙauye da tsakar dare idan naƙuda ta taso.

Idan kuna da yaro a quatrième ko troisième bana, ku je lakkol ku ga mushensa na lissafi, ku ce ya karanta muku makin yaron a fili. Ku tafi da takardar haihuwarsa, a gwada sunan da ke cikinta da wanda ke cikin rajistar makaranta.