Shirin Musamman: Bayit Takwas Masu Gadin Amana



Idan faifan ajiyar kwamfuta ya mutu, kowa zai gani, sai a nemo wani a maido da abin da aka adana. Wanda ke hana injiniyoyin bankuna da asibitoci barci shi ne faifan da ke raye lafiya lau: an ba shi bayani, ya ce ya ajiye, alhali ya canza lamba ɗaya, ko ya rubuta a gurbin da ba nan aka ce ba. Kuma ba zai yi ko tari ba. A 2008 masu bincike na Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp suka fitar da sakamakon bin diddigin faifai miliyan 1.53 na tsawon wata 41. Sun tarar da irin wannan gurɓacewa sau fiye da 400,000.

To, ina mafita? Kwamitin T10, mai tsara ƙa'idar SCSI da manyan kwamfutoci ke magana da faifansu da ita, ya kawo dabara. A lokacin, kowane gurbi a faifai bayit 512 yake ɗauka, sai aka ƙara masa 8, ya koma 520. Biyun farko lissafi ne da aka tatso daga cikin bayanin kansa, ko ɗigo aka taɓa ba za su dace ba. Biyu na gaba an bar wa manhaja. Huɗun ƙarshe lambar gurbin ce. Kamar dai buhun da ka kai tasha ne, ka ɗinke bakinsa, ka rubuta sunan mai shi da garin da za a sauke shi.

Amma ɓarna tana iya faruwa tun kafin kaya su isa faifai. Shi ya sa Martin Petersen na kamfanin Oracle ya shigar da wannan kariya cikin kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke juya kwamfuta, a fitowa ta 2.6.27 a 2008. Tun daga ƙwaƙwalwar kwamfuta ake maƙala bayit takwas ɗin, katin da ke tura bayani ya duba, faifai ma ya duba.

Nan ne girman umarni ya shigo. Tsohon umarnin karantawa na SCSI bayit 6 ne, iyakar inda zai iya kaiwa a faifai gigabayit ɗaya. Mai 10 ya kai terabayit biyu, mai 16 ya wuce nan nesa ba kusa ba. Sai ga nau'i na biyu na kariyar, wanda ke so a faɗa wa faifai lambar da zai sa ran gani tun a cikin umarnin. Babu wurinta a bayit 16, dole aka koma 32. Linux kuwa a lokacin wurin 16 kawai ya tanada.

Ku saurari yadda aka yi a 2009, domin ni wannan ya fi burge ni. Ba a faɗaɗa kowane umarni ba, aka ce mai buƙatar 32 ya nemi wuri daban. Sai dai akwai tarko: lokacin da ƙwaƙwalwa ta cika maƙil, hanyar samun sarari ita ce a kwashe bayani a rubuta a faifai. Idan rubutun shi ma yana jiran sarari, kwamfuta ta tsaya cak. Saboda haka aka keɓe ɗan tanadi tun farko, wanda ba mai taɓa shi sai wannan umarni, komai tsanani. Bayan shekaru aka mayar da wurin umarni 32 ga kowa, aka cire tanadin.

Faifan NVMe na zamani ma ya gaji wannan kariya. Sai dai ba ta aiki da kanta: sai faifai da katin sun iya ta, sai kuma mai kula da kwamfutar ya tsara faifan da ita tun kafin ya zuba bayani a ciki.