Mai Bin Sawun da Ba Ya Sa Kaki

A shekarar 1893 marubuci Arthur Conan Doyle ya gaji da gwarzon labaransa Sherlock Holmes, sai ya jefa shi cikin kwazazzabon ruwa na Reichenbach a ƙasar Suwizalan, da nufin ya huta. Masu karatu a Ingila suka ce ba su san wannan zance ba. Matsinsu da kuɗin masu buga mujallu suka haɗu, a 1903 ya dawo da mutumin da ransa. Me ke cikin ɗan binciken haya, wanda ba soja ba, ba ɗan sanda ba, da har mutuwarsa ta ƙi karɓuwa?

Wasu za su ce wasa ƙwaƙwalwa ne. Da gaskiyarsu. Tun daga Dupin, wanda Edgar Allan Poe ya ƙirƙiro a 1841, tsarin ɗaya ne: a shimfiɗa wa mai karatu alamu, a bar shi ya yi tsere da mai binciken. Duk wanda ya taɓa ganin mai bin sawu ya duƙa a ƙofar garke bayan an yi sata ya san wannan daɗin.

Amma a ganina asirin ya fi fitowa a littafin Dashiell Hammett, The Maltese Falcon, na 1930. Hammett ya yi aikin bincike na gaske a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami, shi ya sa gwarzonsa Sam Spade ba waliyyi ba ne. Ɗan ofis gare shi a San Francisco, yana karɓar kuɗin aiki, yana ƙarya idan ta kama, yana ma neman matar abokin sana'arsa, Miles Archer. Aka harbe Archer. Kowa a littafin na farautar gunkin wani shaho da ake zaton zinariya ce lulluɓe da baƙin fenti, aka zubar da jini a kansa, da aka kankare shi sai ga dalma. (Wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa.) A ƙarshe Spade ya miƙa wa 'yan sanda wata mata daban da zuciyarsa ta kamu da ita, domin ita ta kashe Archer, mutumin da shi kansa bai ɗauka da daraja ba. Abokin aiki ne, kuma amana amana ce.

Wannan ne ke riƙe mai karatu. Inda ƙara ke kwana a tebur har a manta da ita, mutum na son ganin wani da zai ƙwanƙwasa ƙofar attajiri ya yi masa tambaya ido da ido, ba tare da jiran umarni daga sama ba.

Ba dole sai da bindiga ba. Mma Ramotswe ta Alexander McCall Smith, wadda ta bayyana a 1998, da kuɗin shanun gadon mahaifinta ta buɗe ofis a Gaborone ta Botswana. Miji ya ɓace, uban bogi ya zo cin arziki, irin shari'unta ke nan, tana warware su a kan kofin shayi. Ga wanda bai taɓa karanta irin waɗannan littattafai ba, da ita nake ba da shawarar ya fara. Sai Spade ya biyo baya.