Alƙalan Tsofaffin Motoci: Al'adar Amurkawa da ta Mutanen Sabo

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a shataletalen Mokola, a birnin Ibadan wanda kakanninmu fatake suke kira Badun, ya zuba ido ga abin hawan da ke gangarowa daga Sango zuwa Dugbe, ba zai rasa ganin motar da ta girmi direbanta ba, tana tafe tana tari, ga ta kuma maƙil da fasinja. Domin mutanen wannan gari, Yarbawansu da Hausawansu, ba su saba sallamar mota ba matuƙar da sauran numfashi a injinta. Wannan ne ya sa na ga ya kyautu in bayyana wa mai karatu wata al'ada ta mutanen Amurka da Turai, inda ake jera tsofaffin motoci a fili, a naɗa musu alƙalai waɗanda ba a biyan su ko anini, sa'an nan in gwada ta da abin da muka gada a unguwarmu ta Sabo.

A shekarar 1935 waɗansu masu sha'awar motocin farko suka kafa jam'iyya a birnin Filadalfiya, wadda a yau aka fi sani da haruffan AACA, mazauninta kuwa yana garin Hershey a jihar Fensilbeniya, inda kowane watan Oktoba ake cika ana batsewa da motoci da masu sayar da kayan gyaransu. A shari'arsu, mota ba ta shiga sahun tsofaffi sai ta cika shekara 25. Mutanen Ingila sun fi su tsanantawa a wani bikinsu, domin a Lahadin farko ta watan Nuwamba, sa'ad da ake tafiyar kusan mil 60 daga Landan zuwa Brighton, ba a yarda da motar da aka ƙera daga 1905 zuwa sama ba. Ko a Afirka ma, ana yin irin wannan taro kowace shekara a filin sukuwa na Nairobi, ƙasar Kenya.

Wanda ya yi nufin zama alƙali a jam'iyyar Amurkawan nan, tilas ya fara zama ɗan jam'iyya, sa'an nan ya halarci darasin da suke kira makarantar alƙalai, inda ake karanta masa littafin ƙa'idoji babi babi, kamar yadda ake biya wa almajiri Ahalari kafin a kai shi ga Risala. Ranar fitarsa ta farko ba a ba shi ikon yanke hukunci; cikin ayarin masu koyo ake sa shi, ya bi wani gogagge yana kallo yana tambaya, sai a taro na gaba a haɗa shi da alƙalai na haƙiƙa. Kowane ayari yana da shugaba, aikin kuwa kashi huɗu ne: wani ya dubi bodi da fenti da fitilu, wani ya leƙa ciki ya dubi kujeru da sitiyari da shimfiɗa, wani ya tsaya kan injin, na huɗu kuwa, wanda galibi shi ne sabon shiga, ya durƙusa ya dubi ƙarƙashin mota da tayoyi da salansa. Komai daɗewar mutum a aikin, ana bukatar ya riƙa komawa makarantar nan, domin ilimin da ba a muraja'arsa tsatsa yake yi.

Hanyar hukuncinsu abin lura ce. Kowace mota tana shiga fili da maki 400 cif, watau ana kyautata mata zato tun farko, sa'an nan a riƙa ragewa gwargwadon aibin da ya bayyana. Wadda ta faɗo ƙasa da 365 ba ta samun lambar farko a matakin farko, mataki na gaba kuwa sai da 375. Mizanin da ake awo da shi guda ɗaya ne, shi ne asali: yaya motar nan take ranar da ta bar hannun wakilin kamfani zuwa hannun wanda ya fara sayenta? Saboda haka noti ɗaya na zamani a jikin motar 1930 bidi'a ce, kuma wanda ya kashe dukiya ya yi mata fentin da ya fi na masana'anta sheƙi bai ƙaru da komai ba. In alƙali ya ga abin da ya shige masa duhu, mai mota kuwa ya dage cewa haka aka ƙera ta, sai a nemi ya kawo takardar kamfani, daidai da abin da malamanmu na fiƙihu suka karantar, cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa.

Suna da ladubba kuma waɗanda ba a wasa da su. Alƙali ba ya taɓa mota da hannunsa, mai ita ake roƙo ya buɗe boneti da ƙofa. Shugaban ayari kaɗai ke magana da shi. Ba a sa mutum hukunci a rukunin da tasa motar take. Makin da aka bayar kuwa amana ne, ba a fallasa shi a fili. Duk wannan ɗawainiya, mutum da kuɗinsa yake zuwa, ya biya masauki, ya wuni a rana, abin da zai koma da shi gida bai wuce wata 'yar alama da ke shaida ya yi hidima ba. Magabata na ƙwarai, irin su Imamu Abu Hanifa, gudun kujerar alƙalanci suka yi don tsoron hisabi. Waɗannan kuwa nemanta suke yi, amma da yake babu albashi a cikinta, abin da ya rage wa mai nema shi ne sunansa, shi ya sa yake tattalinsa.

To, mu dawo gida. An kafa Sabo a shekarar 1916, bayan da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano a 1911, ya zamana shanu suna gangarowa kudu, goro yana hawa arewa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963 ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969, ya bayyana cewa shanu kimanin 75,000 ake sayarwa a Ibadan kowace shekara a wancan zamani, yawancinsu bashi ga mahauta Yarbawa, ba takarda ba sa hannu, sai lamunin maigida da shaidar dillali. Ciniki irin wannan ba ya tsayuwa sai da mutanen da idonsu ya nuna: wanda zai dubi tozon sa da haƙoransa ya faɗi shekarunsa da abin da zai yi a mahauta, wanda zai buɗe huhun goro ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya san ko sankara ta shige shi, ko zai jure hanya har Sakkwato.

Da lori ya karɓe sufuri daga hannun jirgi, wannan ido bai mutu ba, sai ya koma kan ƙarfe. Al'ada ce sananniya a wurinmu cewa wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi mota ta hannu ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya nemi wani tsohon direba ko bakanike wanda ya fara daga karen mota, ya sha zirga-zirga tsakanin Ibadan da Kano ta Ilori da Jebba da Tegina, har kunnensa ya san kukan kowane inji. Bayan sallar asuba sai mai sayen ya tsuguna a gefen dattijon ya ce, "Baba, na ga wata mota a wajen Sango, ina so ka taimaka ka sa mini ido." Dattijon ya ce, "To, ɗana, mu je tun injinta yana da sanyi, kafin mai ita ya ɗuma ta ya ɓoye mana ciwonta." Idan sun isa, ba ya gaggawa: ya dubi ƙasan inda ta kwana ko ta ɗigar da mai, ya zare sandar awon baƙin mai ya murza a yatsa, ya buɗe lagireto, ya ƙwanƙwasa bodi da bayan hannu don ya ji inda aka cike da ƙwaɓin masu fenti, ya sa a tayar da ita ya koma baya ya dubi launin hayaƙi. In ya ga aibi, ba ya kunyata mai mota a gaban jama'a, sai ya ce, "Allah ya sa albarka, za mu yi shawara," a kan hanyar komawa ne zai faɗa wa yaron gaskiya. Dillali yana jiran la'ada, shi dattijon nan lada yake nema. Abin da ake ba shi bai wuce goro ba, in kuwa aka ji ƙishin-ƙishin ya karɓi wani abu a hannun mai sayarwa, daga ranar ba mai ƙara kiransa.

Alƙalan biyu sun haɗu a kan amana da daɗewa a almajirci, sun rabu a kan abin da suke nema. Na Hershey yana tambayar asali, domin motarsu ta gama aiki tana hutawa. Na Sabo yana tambayar ƙarko, domin tamu gobe za ta ɗauki kaya. Bodin katakon da kafintocinmu suke ɗora wa Bedford ko Mercedes ɗin nan da ake kira roka, da ƙarin ƙarfen da ake yi wa sifirin don nauyin huhunan goro, da addu'ar da ake rubutawa a goshinta, a can duk ragin maki ne, a nan kuwa su ne shaidar gwaninta.

Sai dai su sun fi mu da abu guda, shi ne rubutu da ajiya. An taɓa harhaɗa motocin Leyland a nan Ibadan, an harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, da Volkswagen a Ikko, amma 404 da 504 da ƙaramar motar nan mai siffar kunkuru suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana yanka su ana awo a sikeli. Abin da ya tsira kaɗan ne, kamar tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano, da baƙar Mercedes da aka harbi Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke gidan tarihi na Onikan. Ina roƙon attajiran Sabo da shugabannin direbobi su fanshi ko da lori ɗaya daga cikin waɗanda suka yi jigilar goron iyayenmu, a gyara shi a ajiye. Samarinmu masu boko kuma su zauna gaban dattawan nan da alƙalami da takarda, tun suna raye ana iya tambayarsu.